Iska na busowa ta gefen akwatin fis: me za ka saya, me za ka bari a kanti

Bangon ɗaki sumul, an yi filasta an yi fenti, amma da ka kai bayan hannunka gefen akwatin fis sai ka ji iska na busowa kamar an bar taga a buɗe. Ba abin mamaki ba ne. A duk gidan babu inda ake yi wa bango ɓarna kamar nan. Wayoyin gidan kaf a nan suke haɗuwa, mai aikin wuta ya fasa bulo ko ya yanke allo don su wuce, magini ya zo daga baya ya shafa filasta iya inda cokalin gininsa ya kai, sauran kuma aka bar wa murfi ya rufa asiri. Ta wannan kafar sanyi ke shiga, ƙura ta biyo shi, kyankyaso da tsaka da ɓera su sami hanya. Ran da tsautsayi ya gifta kuwa, ta nan hayaƙi da harshen wuta za su bi su shige cikin bango ko su haye silin.

Toshewa dai ya kamata a toshe. Abin da za a toshe da shi ne magana, domin abin da ya fi saurin zuwa hannun mutum a kanti, wato gwangwanin kumfar cike rami, shi ne ya fi dacewa a yi taka-tsantsan da shi a wannan wurin.

Kafar iri uku ce

Kafin ka fita sayayya, tsaya ka gano daga ina iskar take fitowa. Yagi siririyar takarda mai laushi, ka riƙe ta da yatsu biyu, ka bi gefen akwatin da ita a hankali, inda ta kaɗa nan ne. Kada ka gwada da kyandir ko ashana, kada kuma ka zura sukundireba ko wani ƙarfe cikin ramin don jin zurfinsa. Wayoyi na nan kwance a bayan filastar, galibi sun miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga akwatin. Faɗin kafar ka auna da rula ta roba, ka rubuta, domin faɗin nan shi zai zaɓa maka abin saye.

Ta farko ita ce tsagar da ke tsakanin bakin akwatin da bango. Wannan taka ce, kana iya gyara ta da kanka. A Amurka dokar wayarin ta ƙasa ma ta yanke iyaka: idan akwatin binne yake cikin bangon da ba ya cin wuta, kada ratar da ke bakinsa ta wuce milimita 3. Ko ba a can kake ba, ma'auni ne mai kyau.

Ta biyu ita ce inda wayoyi ko bututunsu suka ratsa bango. Idan kana ganin wurin a fili ba tare da ka kwance komai ba, to da sauƙi. Idan sai an cire murfi, ta tashi daga hannunka.

Ta uku kuwa a jikin akwatin kansa take: gurbin da ba a saka wa bireka ba (wato makunnin da ke faɗuwa da kansa in lodi ya yi yawa), ramin da aka ɓalle don waya sannan aka fasa amfani da shi, ko gibin da ke bayan akwatin daga ciki. Nan ba a sa kumfa, ba a sa danƙo, ba a sa ulu, sai kayan da aka ƙera wa akwatin, kuma mai aikin wuta ne zai saka. Dalili guda ya isa: kashe babban makunni ba ya kashe wutar da ke shigowa daga mita. Manyan wayoyin nan da notikan da suka riƙe su suna nan da ransu ko da gidan ya yi duhu ɗuɗum, kuma na'urar kariyar da ke tsinke wuta idan ta ja mutum a bayansu take, ba a gabansu ba. Hatimin da ke jikin mita da fis ɗin kamfani kuma na kamfanin wuta ne, ba a taɓa shi.

Kumfar gwangwani

Na san dalilin da ya sa ake son ta. Ka girgiza, ka danna, ta kumbura ta cike kowane lungu, iska ta ɗauke nan take. A gefen taga ko ƙofa ba ni da ja. A gefen akwatin fis kuwa matsalolinta sun kai huɗu, kuma kowacce ta isa a dakata.

Abin da ke turo ta daga gwangwani, a yawancin waɗanda ake sayarwa, iskar gas ce irin ta girki, furofen da buten. Ta fi iska nauyi, tana taruwa a lungu, kuma bireka duk lokacin da ta faɗi ko aka ɗaga ta ƙarƙashin lodi sai ta yi ɗan tartsatsi a cikinta. Ka ga an haɗa gas da tartsatsi a kafa ɗaya. Shi ya sa a jikin gwangwanin za ka tarar da alamar harshen wuta da gargaɗin a nisanci duk abin da ke kunnawa.

Sannan ba ta jin magana. Kai ka nufi tsagar bango, ita kuma ta ninka kanta sau biyu ko uku ta bi duk inda ta sami sarari, har ta ramukan bayan akwatin ta shige ciki ta lulluɓe birekoki. Na taɓa tsayawa a kan wani mai aikin wuta yana ƙwaƙule busasshiyar kumfa daga cikin akwati da 'yar wuƙar roba, ya fi awa biyu yana abu ɗaya, bakinsa bai huta ba. A ƙarshe birekoki biyu sai da aka canza su, don kumfar ta shiga inda hannunsu ke motsi. Tana ɗanya ana iya goge ta da asiton, in ta bushe kuwa sai kankara.

Na uku, busasshiyar kumfar foliyuretan tana cin wuta. Wasu masu yin ta sun rubuta ƙarara a jikin gwangwani cewa za ta iya kamawa idan zafi ya wuce digiri 116 na Salsiyos. Notin da ya saki a kan waya mai ɗauke da lodi yana iya wuce haka ba tare da bireka ta faɗi ba.

Na huɗu shi ne wanda ba a gani da ido, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Waya tana yin zafi duk lokacin da wuta ke bin ta, kuma in ka ninka lodin sau biyu zafin sau huɗu yake ninkuwa. Wayar gida mai rigar PVC an yi ta ne kada tagullar cikinta ta wuce digiri 70, ta dogara da iskar da ke kewaye da ita don ta huce. Kumfa kuwa bargo ce. Dokar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, ta ba da lissafi ga ƙananan wayoyin gida: idan abin riƙe zafi ya kewaye waya na tsawon santimita 5, lodin da za ta iya ɗauka ya koma kashi 88 cikin 100, a santimita 10 ya koma 78, a santimita 20 ya koma 63, in ya kai rabin mita kuwa rabin ƙarfinta ya tafi. To ka tuna a bakin akwatin fis ba waya ɗaya ba ce, dami ne, kowacce tana ɗumama 'yar'uwarta. Wanda ya zura bututun gwangwani cikin bango ya danna har sai da kumfa ta dawo masa, ya binne damin nan gaba ɗaya. Garin neman gira an rasa ido.

Za a ce maka ai akwai ta wuta, mai launin ruwan lemo ko ruwan hoda. Akwai, amma launin rini ne kawai, an sa shi don mai duba gini ya gane ta daga nesa. Mai ruwan lemon da ta yi yawa a kasuwar Amurka an yi ta ne don ta hana iska zuƙowa ta ƙananan ramuka cikin bangon katako, ba a gwada ta a matsayin abin da zai tare gobara na awa ɗaya a inda wayoyi suka ratsa ba. A kan gwangwanayen Turai kuma za ka ga B1 ko B2 ko B3, rabe-raben ma'aunin Jamus DIN 4102: B3 mai saurin kamawa, B2 mai kamawa kamar yadda aka saba, B1 mai wuyar kamawa. Mai wuyar kamawa fa, ba wadda ba ta kamawa ba. Ko waɗanda aka rubuta musu awa biyu ko huɗu, in ka bi ƙananan rubutun za ka tarar a siririyar tsaga mai zurfi tsakanin bulo da bulo aka gwada su, babu waya a ciki.

Inda kawai zan yarda da ita shi ne babban gibi a bangon bulo, tazara daga akwatin, inda babu waya ko ɗaya, a sa B1 kaɗan-kaɗan, taga a buɗe, hannu da safa. Sinadarin da ke cikinta, aisosayanet, yana taɓa huhu da fata, har Tarayyar Turai ta wajabta horo ga ma'aikatan da ke amfani da shi tun daga watan Agustan 2023.

Abin da ni zan saya

Danƙon akirilik mai kumbura da zafi, wanda ake kira intumesan. A ido ba shi da bambanci da danƙon cike tsaga na masu fenti: fari ne ko toka-toka, yana zuwa a bututu, ana matsa shi da bindigar silikon. Bambancin sai wuta ta zo. Da zafi ya buge shi sai ya kumbura ya zama gawayi mai tauri ya toshe kafar. Masu girafayit a ciki sun fi ƙarfin kumbura, an yi su ne don inda rigar waya ko bututun roba zai narke ya bar rami, su bi su cike gurbin. Ga tsagar bakin akwati, akirilik ɗin kawai ya wadatar. Ga dami na wayoyi ko bututun roba da ya ratsa bango, mai girafayit ya fi.

Abubuwan da suka sa na fifita shi ƙanana ne amma su ne aikin. Yana tsayawa inda ka ajiye shi, ba ya yawo. Babu gas a cikinsa. Yana karɓar fenti. Ba ya cin rigar waya. Kuma ran da za a ƙara layi ko a canza akwatin, wuƙa kawai za a sa a yanke shi. Aibinsa shi ne da ruwa aka kwaɓa shi, don haka yana ɗanye kada ya kusanci wani abu mai wutar lantarki, yana ɗan tsukewa in ya bushe, kuma ba ya son ruwan sama ya doke shi kafin ya kama. Fatarsa tana bushewa cikin ƙasa da awa ɗaya, cikinsa kuwa sai ya yi kwanaki.

Kada ka kwaso da yawa. Bututun mililita 310 yana cike tsaga mai faɗin milimita 10 da zurfin milimita 10 har tsawon kusan mita 3. Akwatin da tsayinsa santimita 40 ne faɗinsa 30, kewayensa mita 1.4 ne kacal. Bututu ɗaya ya ishe ka har da ragowa. Duba ranar lalacewarsa a gindin bututun, domin irin wannan kaya yakan daɗe a kanta ba a saya ba, kuma wanda ya kwana biyu yakan daskare a ciki.

Idan kafar ta fi kaurin yatsa, danƙo shi kaɗai zai zurma ciki. Nan ulun dutse yake shigowa. Narkakken dutse ake kaɗawa ya zama zare kamar auduga, ba ya cin wuta sam, ajinsa A1 a ma'aunin Turai, kuma ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1000. Ɗan'uwansa ulun gilashi, mai launin rawaya, ya fi shi saurin narkewa nesa ba kusa ba, don haka ka tabbata na dutsen aka ba ka. Ka yanki guntu wanda ya ɗan fi ramin girma, ka tura shi da tsinken katako ko roba ya zauna daram, ka bar zurfin kamar santimita ɗaya a gaba, ka rufe da danƙon. Ulun shi kaɗai ba ya tare iska, tacewa kawai yake yi, kuma za ka ga ya yi baƙi da ƙura bayan 'yan watanni. Danƙon ne mai tare iskar, ulun kuma gado ne da danƙon zai kwanta a kai.

Shi ma ulun bargo ne ga waya, lissafin nan na sama ya hau kansa. Toshiya gajeriya ake so a bakin rami, ba a cusa shi cikin bango har sai ya ƙi shiga ba. Yana sa ƙaiƙayi, ka sa safar hannu da takunkumi. Matsalarsa a wajen saye ita ce a manyan dunƙule ake sayar da shi, kai kuma abin da kake bukata bai fi cikin tafin hannu biyu ba. In ka san inda ake aikin gini da shi, ragowar da suka yanke ta ishe ka.

Akwai kuma igiyar soso da ake turawa cikin tsaga kafin a sa danƙo. Ga taga tana da kyau. A nan ita ma roba ce mai ci, sai dai in takardar danƙon da ka saya ta ambace ta a cikin abin da aka gwada shi da shi.

Silikon, ƙullu da siminti

Silikon yana da wurinsa, musamman akwatin da ke waje ko inda laima take, domin ruwa ba ya yi masa komai kuma yana miƙewa. Sai dai iri biyu ne, kuma hanci ke rabe su. Wanda ke warin binega yana fitar da asid ne yayin da yake bushewa, asid ɗin kuma yana cin tagulla da ƙarfe, a cikin rufaffen akwati ma ya fi ɓarna don tururin ba shi da mafita. Wannan shi ne mai araha da ake sa wa gilashi da banɗaki. Wanda ba ya fitar da asid shi za ka nema, in da hali wanda aka gwada da wuta. Ka sani fenti ba ya kama tsantsar silikon, duk launin da ka saya da shi za ka zauna.

Ƙullun toshe bututu wani abu ne da mutane da yawa ba su san da shi ba, alhali masu aikin wuta sun daɗe da shi a jaka. Kamar yumɓun wasan yara yake, toka-toka, ba ya bushewa ko ya shekara. Aikinsa bakin bututun waya, musamman wanda ya taho daga waje ko daga ƙarƙashin ƙasa. Irin wannan bututun kamar bututun hayaƙi yake, yana zuƙo iska mai laima ya kawo ta cikin akwati, in ta tarar da ƙarfe mai sanyi ta zama raɓa, raɓa ta zama tsatsa a kan notika. Dokar Amurka ta ce a toshe bututun da ya ratsa tsakanin wuri mai ɗumi da mai sanyi saboda wannan dalilin. Ana murza ƙullun a danna shi kewaye da wayoyin da yatsa, ran da za a ja sabuwar waya a ɓanɓare shi a mayar. Na gama-gari ba ya tare gobara, iska da ƙwari kawai yake tarewa, amma akwai na wuta mai kumbura, galibi ja. Bakin bututun da ke cikin akwatin kuma, ka riga ka san aikin wane ne.

Siminti ko filasta su ne gyaran gaskiya idan ɓarakar babba ce a bangon bulo, irin wadda hannu ke shiga. Ba sa cin wuta, ɓera ba ya huda su. Amma kada a dunƙule wayoyi tsirara a cikinsu, kada kuma a manna su da jikin akwatin. Siminti yana ɗan tsukewa in ya bushe, tsagar za ta dawo siririya a daidai inda ya haɗu da akwatin. Ɗanyen siminti yana cin alminiyam, filastar jifsam kuma tana riƙe laima ta sa ƙarfe tsatsa. A cike ɓarakar a bar ratar kamar milimita 5 a kewayen akwatin, in ta bushe sarai a bi ratar da danƙo. Aiki ne mai ruwa a gefen wuta, don haka da 'yar ƙaramar cokali ake yin sa, kwaɓin da tauri, babban makunni a kashe.

Akwai waɗanda ba sai an tsaya dogon bayani ba. Jarida da tsumma da kwali makamashi ne. Salatif yana saki da zafi. Farin soson da ake kunshe talabijin da firji da shi, folistarin, in ya daɗe manne da rigar PVC yana tsotse man da ke sa ta laushi, ta bushe ta tsattsage. Soson ƙarfe kuwa, wanda ake ba da shawararsa don ɓera, shi ne mafi muni: wutar lantarki na bin sa, zarensa na karyewa ya faɗa inda bai kamata ba, kuma shi kansa yana kamawa da tartsatsi kaɗan.

Karanta jikin bututun

Hoton harshen wuta da jan rubutu ba shaida ba ne, lambar gwaji ita ce shaida. A kayan Turai ka nemi EN 1366-4, gwajin doguwar tsaga irin ta bakin akwati, ko EN 1366-3, gwajin inda waya ko bututu ya ratsa bango. Kusa da su za ka ga EI 30 ko EI 60 ko EI 120. Harafin E na nufin wuta da hayaƙi mai zafi ba su ɓullo ta ɗaya gefen ba, I na nufin zafin ma bai haye fiye da ƙima ba, lambar kuma mintuna ne. A kayan Amurka UL 1479 ko ASTM E814 za ka nema, kuma wasunsu suna da ƙarin harafin L, wanda ke auna yawan iskar da ke yoyo ta toshiyar, abin da ya kawo mu nan ke nan. Idan ASTM E84 kawai ka gani, wannan gwajin yadda wuta ke bin fuskar abu ne, bai ce komai ba game da tare ta a rami.

Mintunan nan kuma ba na danƙon ba ne shi kaɗai, na yadda aka haɗa shi ne ranar gwaji: bango iri kaza, faɗi kaza, zurfi kaza, da ulu a baya ko babu. Wanda ya shafa siririn layi a kan ramin da ya kai faɗin yatsu uku bai sami EI 120 ba ko da an rubuta a bututun. Iyakar faɗi da mafi ƙarancin zurfi suna cikin takardar bayanin kayan, yawanci ana samunta a shafin kamfanin a intanet. Minti biyar za ta ci maka.

Kayan jikin akwatin

Waɗannan su ne mafi ƙanƙanta cikin sayayyar, kuma sau da yawa su ne ke kashe rabin iskar. Marfin gurbin bireka, wanda faɗinsa kusan milimita 18 ne ga kowane gurbi a akwatunan zamani, da toshiyar ramin da aka ɓalle, da zoben roba da ke rungume waya a inda ta shiga don kada bakin ƙarfe ya yanke ta, da mariƙin waya mai noti ga manyan wayoyi. Ka ɗauki hoton akwatin da sunan kamfanin da lambarsa kafin ka fita, domin marfin wani kamfani ba lallai ya zauna a na wani ba, wanda bai zauna daram ba kuma yaro zai ɓalle shi da farce.

Ma'aunin da ake bi a nan shi ne IP. Dokar Birtaniya ta nemi gefuna da ƙasan akwati su kai IP2X, wato kada abu mai kaurin milimita 12.5, kamar yatsa, ya shiga, saman akwatin kuma IP4X, wato ko waya mai kaurin milimita 1 kada ta sami hanya. Tun daga watan Janairun 2016 kuma suka wajabta sababbin akwatunan gida su zama na abin da ba ya cin wuta, wanda a aikace ƙarfe ke nan. Amfanin akwatin ƙarfe shi ne ya riƙe wuta a cikinsa, babban rami a bayansa ko samansa kuwa ya rushe wannan amfanin. Idan naka na roba ne kuma ya tsufa, kuma dama za ka kira mai aikin wuta, tambaye shi ko lokacin canji ya yi.

Wata dabara mai sauƙi: idan akwatin a cikin kabad yake, zaren roba mai manne da ake bi bakin ƙofa da shi zai rage iskar da ke shigowa ɗaki ba tare da ka kusanci waya ba. Bai magance hanyar hayaƙi ba, amma ga ɗan haya da ba a yarda ya taɓa bango ba, ya fi babu. Kabad ɗin dai kada ya zama ma'ajiyar fenti da tsummokara, gabansa kuma a bar shi fili. Dokar Amurka kusan santimita 90 take nema a gaba da 76 a faɗi, don mai gyara ya sami wurin tsayawa da wurin ja da baya.

Inda za ka ajiye bindigar danƙo ka kira mai aikin wuta

Ba kowace kafa ce kuskure ba. Akwatunan waje suna da ƙananan ramuka a ƙasa don ruwan da ya taru ya tsiyaye, wasu kuma suna da tsagogin shan iska da kamfani ya yi da gangan. Birekokin gida an daidaita su ne a kan zafin digiri 30, in akwatin ya rasa yadda zai huce za su riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili. Idan akwai batiran inbata masu ruwa a wurin, suna fitar da iskar haidurojin lokacin caji, tagar da aka bar musu ba ta toshuwa. Haka ramin iskar da aka yi wa na'urar da ke ƙona gas.

Tsohon akwati mai fis na tangaran, wanda ake ɗaura wa siririyar waya in ta ƙone, yana iya ɗauke da asbesto a cikin mariƙin fis ɗin ko a allon da aka kafa shi a kai. Birtaniya sai a 1999 ta haramta asbesto gaba ɗaya, wasu ƙasashen ma har yau ba su haramta ba. Irin wannan ba a kankare gefensa, ba a goga masa samfefa, ba a huda shi.

In kuwa ka ji wari kamar na ƙonanniyar roba ko na kifi, ko ka ga tabo ruwan ƙasa a murfin, ko kana jin zuzz a ciki, ko murfin ya yi ɗumi a hannu, ko akwai sawun tsatsa da ya gangaro, to iskar nan da kake son kashewa wataƙila ita ke sanyaya wani noti da ya saki. A fara gyara wannan.

Bayan ka gama kuma danƙon ya yi kwana biyu, dawo da 'yar takardarka ka sake bin gefen. Idan ta kwanta a bakin bango amma tana kaɗawa a tsakanin birekoki, iskar daga cikin bango take shigowa ta bayan akwatin, inda hannunka ba zai kai ba sai an cire murfi. Toshe bakin bututun danƙon da ƙusa kada ragowar ta bushe, ka ajiye shi tare da guntun ulun, ran da mai aikin wuta ya zo ka miƙa masa.